Ƙugiyar Harafi

Ni na buga masa takardu shekara talatin da ɗaya,
a ɗakin nan na hawa na uku, a Durham,
inda taga ke kallon kogin Wear
da babbar majami'ar da ta hau tudu
kamar giwa ta durƙusa ta ƙi tashi.

Alwyn Hedworth, ɗan mai haƙar kwal.
Uban ya shiga ƙasa da fitila a goshi,
ya fito da tari, tarin ya raka shi kushewa.
Ɗan ya ce shi ma haƙar ya gada,
sai dai nasa ramin a littafin Ayuba yake,
ba a fitowa da baƙar fuska, sai jan ido.

Yana sha tara ya kama Ibraniyanci,
daga dama zuwa hagu, yatsa na bin layi,
har ya riƙa buɗe jaridar safe ta baya.
Kwat ɗaya gare shi, da faci a gwiwar hannu,
cikin 'ya'yan manya masu jin ƙaurin kwal
duk sanda ya buɗe baki.
Bai tanka ba. Ya ci su a jarrabawa.

A kan harafi guda sunansa ya fito.
Wata tsohuwar fata ce da ƙwari suka ci gefenta,
da baƙaƙe biyu masu kama kamar tagwaye,
bambancinsu 'yar ƙugiya,
ba ta kai ƙwayar gero ba.
Duniya ta karanta Hasan, shi ya ce Husaini ne,
ma'anar ayar ta juya.
A jikin ƙugiyar nan ya rataye digiri,
ya rataye littafi mai shafi ɗari shida,
da kujerar farfesa, da rigar taro mai jan baki.
Matarsa Maud ta ce ita ma daga Ayuba ta koyi haƙuri,
ba tare da ta karanta shi ba.

Shekaru suka bi ta matakala,
ɗalibai suka hau da fargaba, suka sauka da furfura.
Yakan manta lema, yakan manta albashi,
bai taɓa manta sunan mai shara ba.

Sai wata Laraba, ana yayyafi,
Isobel Kerrigan, ɗalibarsa ta ƙarshe,
ta shigo da hoton da sabuwar na'ura ta ɗauka.
Hannunta na rawa.
Ta ce: ba tawada ba ce, Farfesa,
tsaga ce a fatar, datti ya kwanta ciki.

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Ya ce in kawo shayi.
Shayin ya huce, ya yi fata, babu wanda ya taɓa.

Ranar laccarsa ta sallama zaure ya cika,
ana jiran yabon kai, kamar yadda aka saba.
Ya ce: ubana ya koya mini abu ɗaya,
in rami ya rufta ba a shimfiɗa masa tabarma,
alama ake kafawa saboda na baya.
Ya ɗauki alli ya rubuta sunan yarinyar,
manya-manya, har allin ya karye.
Wani ya yi tari. Wani ya soma tafi ya fasa.

Yanzu albasa yake nomawa a bayan gida,
an ce tana cin gasa a ƙauye.
Takarda ta ƙarshe da na buga masa shafi ɗaya ce,
wadda ya janye maganarsa ta shekara arba'in.
Washegari ya dawo mini da ita,
ya zagaye harafi guda da jan biro.
Na kai ta taga, na duba da kyau.
Wannan karon da gaskiyarsa.